Hannun Basfar Hodi Mai Iri

A Gwadangaji har yanzu in ka ce Hodi Mai Iri, dattawa sun san wanda kake nufi. Gajeren mutum ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. In yana tsaye cikin jama'a hannunsa na dama kullum yana aljihu, don babban yatsa da ɗan ƙaramin kaɗai suka rage masa a hannun. Ukun tsakiya injin casar shinkafa ya cinye su tun yana saurayi, lokacin da yake aiki wurin wani mai inji a bakin kasuwar Birnin Kebbi. Bel ɗin injin ne ya kama hannun rigarsa ya ja. Mai injin ya kai shi asibiti, ya leƙo shi da ɗan ƙullin goro, da Hodi ya warke ya koma bakin aiki sai ya tarar an sa wani a gurbinsa.

Fartanya ba ta zama a hannun, lauje ma haka, ga shi ɗan manoma. Ya yi shekaru yana 'yan buge-buge, yau gadi gobe sayar da itace, har Allah ya haɗa shi da Laure, mutuniyar Augie, wadda duk danginta manoman albasa ne. A wurin surukansa ya koyi sanin iri. Yakan zuba baƙin irin albasa a tafin hagu, ya hura, ya sansana, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya gaya maka ko na bana ne ko ya kwana shekara. Ya fara saye wurin masu ajiya yana kaiwa kasuwannin ƙauye, kuma bai taɓa gauraya tsoho da sabo ba, shi ya sa manoma suka riƙe shi. Babbar damuwarsa mota. Sai ya tsaya bakin hanya tun sassafe, motar ta zo da hantsi, ta lalace a hanya, ya isa kasuwa ana watsewa.

Ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Sakkwato ba wani malamin makaranta da aka mayar Gusau ya sa babur ɗinsa, wata tsohuwar basfa, a kasuwa, shuɗiya, duk fentin ya koɗe. Hodi ya saye ta. Unguwa ta yi dariya, kuma masu dariyar suna da hujja. Totur ɗin basfa a hannun dama yake, sai ka damƙe robar ka murɗa. Hodi ya ɗora hannu ya murɗa, tafin ya zame, ya sake murɗawa ya sake zamewa. Tura ta ya yi har gida, ya jingine ta a zaure.

Wanda ya fitar da shi kunya shi ne Arzika, wani baduku a Argungu, mai ɗinkin kube da takalma a rumfar da ke kusa da inda Hodi ke baza irinsa ranar kasuwa. Da Hodi ya ba shi labari bai yi dariya ba, bai kuma ce Allah sarki ba.

"Miƙo hannun in gani," in ji Arzika.

Hodi ya ciro hannun daga aljihu ya miƙa. Ban da Laure ba wanda ya taɓa riƙe hannun nan tun da ya warke. Arzika ya juya shi, ya danna tafin, ya ce ya matse masa yatsa da iya ƙarfinsa.

"Akwai ƙarhi nan," ya ce. "Abin riƙon don mai yatsa biyar anka yi shi. Kawo min ita."

Aka ɗora basfa bisa buhunan albasa a bayan wata babbar mota aka kai ta Argungu. Arzika bai cire robar ba. Ya yanka fatar shanu sirara-sirara, ya jiƙa, ya nannaɗa a kan robar, ya yi tudu daidai inda yatsun nan uku ya kamata su kwanta, ya sa Hodi ya damƙe tana jiƙe har ta ɗauki siffar tafinsa. Da ta bushe ya lulluɓe da jar fatar akuya ya ɗinke, ya yi wani ɗan maɗauri da ke bi ta bayan hannu, sako-sako yadda in an faɗi hannun zai fice. Ba a dace a karon farko ba. Aka kwance, aka ƙara nan aka rage can, Hodi yana kwana a zauren Arzika, har ranar da ya zura hannu ya lanƙwasa wuyan hannunsa injin ya amsa. Ranar da ya shigo Gwadangaji a kanta, Laure ta leƙo ta kan katanga ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Ba gudu yake yi ba. Birkin gaba ma a hannun dama yake, kuma ba shi da yatsun da za su kamo shi, saboda haka da birkin ƙafa kaɗai yake tsayawa. Sai ya saba da tafiya a hankali da hango abu tun daga nesa. Matasa sukan ce jaki da kaya yana iya wuce shi. Duk da haka kafin rana ta yi zafi ya isa Ambursa ko Kalgo ko Argungu, lokacin yafa iri kuwa har Augie yake kaiwa, buhu ɗaure a baya, gwangwanin awo a gaba tsakanin ƙafafunsa. Da guminsa a kan basfar nan aka rufe ɗakin Laure da kwano. A kanta yake kai ɗansu Abdussamadu makarantar kwana, akwatin ƙarfe ɗaure inda buhu ke zama. Fatar kuwa gumi da man shanun da Laure ke shafa mata suka mai da ita baƙa ƙirin. Ta yi muni, kamar wani ƙari ya fito wa basfar a hannu, in rana ta buge ta har wari take yi.

Abdussamadu, wanda ake kira Samadu a gida, ya gama makaranta ya sami aikin akawu a wata ma'aikata a Sakkwato. Yaro ne mai ladabi, ba wanda zai ce ya taɓa ɗaga wa ubansa murya. Sai dai tun yana makaranta yakan roƙi a sauke shi nesa da ƙofa, don 'yan ajinsu suna kiransa ɗan Dungu. Hodi ya gane, bai taɓa tambaya ba, sai ya riƙa tsayawa gindin wata tsamiya ya kwance masa akwati.

Aka sa bikin Samadu ƙarshen damina, da 'yar wani ɗan kasuwa a unguwar Nassarawa ta Birnin Kebbi. Abokan aikinsa za su zo daga Sakkwato a kan sababbin babura. Ana gobe ɗaurin aure Hodi ya fita da ƙafa yana bin gidajen dattawan unguwa da goron gayyata. Samadu ya ɗauki makulli inda ake rataye shi, ya tura basfar garejin Usmanu makanike. Tun daga Sakkwato ya zo da kayansa: rigar kujera, madubai, da sabuwar robar hannu, baƙa mai sheƙi, da jan geza a bakinta.

Aka wanke basfa, aka goge, aka ɗaura madubai. Da aka zo kan hannu Usmanu ya ajiye sufana.

"Samadu, wagga hwata ba ado ta ba. Da ita Baba ka tuƙi."

"Na sani, Usmanu. Amma dubi abin nan don Allah, tsumma ne fa. Robar da na kawo tana da gurzo-gurzo, ta fi kama hannu. Mai kantin ya tabbatar mini."

"Ka tambayi Baba?"

"In na tambaye shi ai ba bazata kuma. Yanke kawai."

Usmanu ya ce daga baya ya so ya ƙi, amma ɗan mai abu ne ya kawo abin, ga shi ango. Ya sa wuƙa. Fatar ta riga ta manne da tsohuwar robar, ta ƙi fita sai gunduwa-gunduwa. Ya kankare ƙarfen, ya shafa gam, ya zura sabuwar robar dama da hagu, ya bubbuga da tafin hannu har ta zauna.

Da Hodi ya dawo bai ga basfa ba, aka ce ango ya ara don zirga-zirgar biki. Washegari bayan an shafa fatiha, ƙofar gida cike da mutane, abokan ango suka turo ta tana ƙyalli, geza na lilo. Wani mai baki a cikinsu ya ɗaga murya ya ce jama'a su dubi ɗan halak, wanda bai manta da mahaifinsa ba ko a ranar farin cikinsa. Maroƙi ya ɗauka ya yayata. Hodi bai kalli kujera ba, bai kalli madubi ba, hannun dama ya tsura wa ido. Waɗanda ke kusa suka ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa.

"Sa mashi albarka mana, Malam Hodi," in ji wani dattijo.

"Allah shi yi maka albarka," in ji Hodi.

Aka amsa da amin. Samadu ya durƙusa yana murmushi, idonsa ya kawo ruwa.

Bayan la'asar Hodi ya sulale daga cikin taro ya tafi garejin Usmanu. A bolar bayan gareji ya tarar da gutsattsarin fatar cikin baƙin mai. Ya tsuguna ya tsinci maɗaurin, ya juya shi, ya ga wuƙa ta raba shi biyu, ya mayar ya ajiye.

"Baba, wallahi sai da nic ce mashi," in ji Usmanu.

"Na ji. Koma ga aikinka."

Laure ce kaɗai a gidan ta san abin da aka yi masa. Da baƙi suka ragu ta same shi a ɗaki.

"Malam, ka gaya mashi."

"In ce mi? Ya yi min kyauta gaban mutane, na sa albarka, in koma in ce ya ɓata min? Bari shi tahi da matatai lahiya. Ranar kasuwa ni tahi wurin Arzika."

"To ka ɗora ta mota, awa wancan karo."

"In anka ga na ɗora ta mota bayan biki, mi za a ce yaron ya yi mata?"

Ango da amarya suka tafi Sakkwato. Ruwa ya fara ɗaukewa, manoman Augie sun gyara wurin yafa iri suna jiransa, an ma aiko masa. Hodi ya yagi tsohon zanen Laure ya nannaɗa a kan sabuwar robar, ya ɗaure da tsinken tsohon tub, ya gwada a lungu. Totur ya amsa, ko da yake sai ya danna da ƙarfi. Ya ce tsumman zai kai shi Argungu. Ya ɗaure buhun iri a baya, ya yi niyyar in Arzika ya gama ya wuce Augie.

Ranar an tashi da zafi mai gumi, irin na ƙarshen damina. Kafin ya wuce Ambursa tsumman ya jiƙe sharkaf, ya fara juyawa a kan robar. Ya tsaya ya ƙara ɗaurewa ya ci gaba. Can gaba, kusa da wani kwalbati, ya hango garken shanu suna hawowa titi. Tun daga nesa ya gan su kamar yadda ya saba, ya mai da wuyan hannu don ya rage wuta. Tsumman ya juya, robar ba ta juya ba. Totur ɗin basfa kuwa ba ya komawa da kansa sai an mai da shi. Injin ya ci gaba da ja. Ya taka birkin ƙafa, tayar baya ta ja tsakuwa, nauyin buhu ya karkatar da ita, kafin ya kama kuloci ta bar titi ta gefen kwalbatin.

Makiyayan ne suka ɗaga masa basfar daga kan ƙafa. Cinyarsa ta dama ta karye. Buhun ya fashe, irin ya zube cikin ruwan da ya kwanta a ramin, baƙi ƙirin yana yawo a sama. Ɗaya daga cikin makiyayan ya ba da labari cewa mutumin bai tambayi ƙafarsa ba, sai cewa yake a taimaka a kwashe irin kafin ya jiƙe.

Wata mota ta mai da shi gida. Aka kira maɗori ya ɗora ƙafar. Samadu ya zo daga Sakkwato a ruɗe, ya zauna bakin tabarma yana kuka kamar ƙaramin yaro, shi ya riƙa ɗaga uban yana gyara masa kwanciya. Hodi ya sha jinya har sanyi ya shiga ya fita. Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, sai da sanda.

Da ya fara fitowa zaure, Samadu ya sake zuwa, ya tara ƙannen Hodi da limamin unguwa. Ya yi magana cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ya ce Baba ya wahala a kansu, yanzu Allah ya kawo lokacin hutu, shi zai ɗauki nauyin gidan duka. Ya roƙi a taya shi roƙon Baba ya bar hawan babur.

"Tun kana makaranta nika tuƙi," in ji Hodi. "Ka taɓa jin na hwaɗi?"

"Allah ne ya kiyaye, Baba."

"Hwatar da kas sa anka yanke..."

"Baba, don Allah. Ko da fata ko babu fata, mutum mai yatsa biyu bai kamata a ce yana kan titi ba."

A unguwar ba a taɓa faɗar maganar hannun nan a gaban Hodi ba, ko a bakin abokan wasansa. Samadu ma ya ji nauyin abin da ya fito daga bakinsa, ya ƙara sunkuyar da kai, amma bai janye ba. Liman ya yi gyaran murya ya ce yaro ya faɗi gaskiya, kuma tausayi ne ya sa shi. Ƙannen suka ce haka ne. Hodi ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba mai son jin zancen wata fata. Ya ce wa Laure ta miƙo makulli. Usmanu ya buge inda basfar ta lotse, Samadu ya tafi da ita Sakkwato, ya ce in tana zaure Baba ba zai iya haƙuri ba. Da ita ya riƙa zuwa ofis.

Labari bai kai wa Arzika da wuri ba, sai a bakin direbobin albasa. Wata ranar Laraba sai ga shi a Gwadangaji, ya tsufa, ido ya fara yi masa hazo, da jakarsa a kafaɗa. Bayan gaisuwa da jaje ya buɗe jakar ya fito da fatar shanu da ya riga ya yanka, da jar fatar akuya, da basilla da zare.

"Ina take? Mu hwara tun da sauran rana."

"Tana Sakkwato."

"Aro?"

"A'a."

Arzika ya dubi wurin da basfar ke tsayawa, inda mai ya yi baƙin tabo a ƙasa, ya dubi Hodi. Bai ƙara tambaya ba. Laure ta aiko musu da fura. Can Arzika ya miƙa hannu ya jawo sandar Hodi, ya duba kanta, ya ce ita ma don mai yatsa biyar aka yi ta. Ya nemi ruwa ya jiƙa fata, ya zauna nan zauren ya naɗe kan sandar, ya sa Hodi ya damƙe. Da la'asar ya yi sallama ya tafi tasha. Laure ta ce tun da aka yi haɗarin ba ta ga hawayen mijinta ba, ko ranar ɗori, sai ranar nan bayan fitar Arzika.

Samadu bai saɓa alkawari ba. Duk wata sai shinkafa ta zo, da sabulu, da mai, lokacin Salla da shadda. Maƙwabta suna yi wa 'ya'yansu misali da shi. Da lokacin iri ya zagayo manoma suka biyo Hodi har gida, don ba su yarda da irin kowa ba. Shi kuwa ba shi da halin zagaya masu ajiya ya zaɓa da kansa, sai ya aiki wani ɗan uwansa ya sayo masa. Na saman buhu mai kyau ne, Hodi ya tauna ya yarda. Na ƙasa tsoho ne aka gauraya. A Augie rabin abin da aka yafa bai tsiro ba, kuma a cikin waɗanda abin ya shafa har da dangin Laure. Ba wanda ya zo ya yi masa faɗa. Wani ya dai ce a kasuwa Hodi ma ya koyi halin 'yan kasuwa, maganar ta dawo masa. Daga shekarar bai sake taɓa iri ba. Gwangwanin awon ya koma na ɗiban dawa a madafa.

Ya zama mai zaman zaure. Da safe ya fito da sandarsa ya zauna, ya amsa gaisuwar masu wucewa, azahar ya ɗingisa masallaci. In Samadu zai zo ganin gida, tun basfar na kan kwanar unguwa Hodi yake gane ƙararta, ya ce wa Laure ta ɗora ruwa, baƙo ya iso. Yakan karɓi ɗansa da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya sa albarka. Bai taɓa fita ya dubi inda aka jingine ta ba. Da Samadu ya sami ƙarin girma ya sayi mota, a cikin hira ya ambata cewa ya sayar da basfar ga wani mai gyaran rediyo. Hodi ya ce Allah shi sa alheri, ya tambaye shi ko an yi ruwa a Sakkwato.

Bai ga ƙirƙiro Jihar Kebbi ba. Zazzaɓi ya kama shi cikin wata damina, bai yi doguwar jinya ba ya rasu. Samadu ya yi kuka sosai, kuma kukan gaskiya ne. A wurin zaman makoki ya gaya wa masu ta'aziyya cewa abin da yake gode wa Allah a kai shi ne ya raba Baba da titi, ya samu ya huta a ƙarshen rayuwarsa, ya cika a ɗakinsa. Mutane suka ce ya yi abin da ya kamata ɗa ya yi. Mata suka kai wa Laure maganar a cikin gida don su sanyaya mata zuciya. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da ta fita takaba Samadu ya zo da mota zai tafi da ita, ya ce an gyara mata ɗaki a Sakkwato, har da fanka. Ta ce Augie za ta koma, wurin ƙanenta. Ya roƙa, ya turo mata dattawa, ta ce ita dai Augie.

"Inna, wani abu na yi miki?"

"Ruwan Sakkwato ba su karɓe ni ba," in ji ta, alhali ba ta taɓa kwana a garin ba.

Shi da kansa ya kai ta da 'yan kayanta. A can ta ƙarasa rayuwarta, tana taya matan gidan tsince albasa lokacin cira. Samadu ya ci gaba da aika mata shinkafa duk wata, har garin da ake noma ta. Takan karɓa ta ce a gaishe shi, ta sa a raba wa maƙwabta.